Kotun da ba ta da iko a kan baƙo (zare)

1/ Jama'a, ku zo mu leƙa jihar Montana ta Amurka, ƙasar ƙabilar Blackfeet da ke maƙwabtaka da Kanada. Suna da kotunsu a garin Browning, da alƙalansu da kundin dokokinsu. Amma akwai mutanen da kotun ba ta isa ta taɓa su ba.

2/ Kafin zuwan Turawa, ƙungiyoyin mayaƙa ne ke tsare doka, musamman lokacin farautar ɓauna. Ka yi gaggawa ka riga kowa fita, ka firgita garken? Su zane ka, su yayyaga maka tanti da tufafi. Ba mugunta ba ce, abincin al'umma ka jefa cikin haɗari.

3/ A 1883 gwamnatin Amurka ta kafa wa 'yan asalin ƙasar kotuna na musamman. Cikin "laifuffukan" har da rawar Rana, babbar ibadarsu. A 1885 kuma majalisa ta mayar da manyan laifuffuka irin su kisa hannun tarayya.

4/ A 1935 Blackfeet suka amince da tsarin mulkinsu. Duk da haka dokar 1968 ta ce kotun ƙabila ba za ta ɗaure mutum fiye da wata 6 ba. A 1986 aka mayar shekara 1, a 2010 shekara 3, shi ma da sharuɗɗa.

5/ Inda abin ya fi ci min rai: a 1978, a shari'ar Oliphant, Kotun Ƙoli ta ce kotun ƙabila ba za ta hukunta wanda ba ɗan asalin ƙasar ba. Wato baƙo ya doki ɗan Blackfeet a tsakiyar Browning, alƙalin garin sai kallo. Ya tuna min kotun alƙali zamanin En'e, da ba ta shari'ar Bature.

6/ To wa zai yi? Lauyoyin tarayya, in sun ga dama su karɓi ƙarar. Kotunsu tana Great Falls, kusan kilomita 200. Shaidu su nemi kuɗin mai.

7/ A 2013 aka ɗan buɗe ƙofa: ƙabilar da ta cika sharuɗɗa za ta iya gurfanar da baƙon da ya doki matarsa 'yar ƙabila.