Fitilar Motar Kara a Kwarin Komadugu

Motar kara, wato motar wasan da yara ke haɗawa da sillen karan dawa ko na gero, suna feƙe ɓawon su soka shi cikin totuwa, ta daɗe a garuruwan bakin kogin Komadugu, kuma da Diffa ta zama cibiyar mulki a 1964, manyan motoci suka yawaita a hanyarta, sai siffar motar ta bi tasu, gwangwanin madara ya zama jiki, tsohon silifa ya zama taya. Abu guda da ya daɗe yana gagarar masu ƙirar shi ne fitilar gaba, domin hasken gida a lokacin na aci-balbal ne da fitilar ƙwai mai cin kananzir, ƙwan tocila kuwa mai zaren ƙarfe yana shanye batir kafin a gama wasan dare, saboda haka marfin kwalba ake liƙawa a madadinta.

Sauyin daga nesa ya taso. A 1962 Nick Holonyak ya ƙera jan ƙwan LED a Amurka, wato ɗan ƙwan da ke fitar da haske ba tare da ya gasa zare ba, sannan a farkon shekarun 1990 Akasaki da Amano da Nakamura na Japan suka samo shuɗinsa, wanda daga gare shi farin ya fito. Cikin shekarun 2000 tocilolin Sin masu araha masu irin wannan ƙwan suka cika kasuwanni daga Kano da Maiduguri har Diffa, kuma da yake ba sa ƙarko, bola ta zama rumbun yara, inda suke ɓalle ƙwayayen su jona wa motocinsu.

A nan ne wasan ya koma karatu, kuma karatu ne da ya cancanci a girmama shi. Kowane batirin rediyo yana ba da volt 1.5, wato ma'aunin ƙarfin tura wuta, jan ƙwai yana buƙatar kusan 2, fari kuwa kusan 3, don haka guda ɗaya ba ya tayar da farin, sai an jera biyu kai da gindi an ɗaure su da robar tsohon tiyub. Ƙwan yana da ƙafa biyu, doguwa da gajeruwa, idan aka juya su ba zai kama ba ko da batirin sabo ne. Wanda ya kai shi ga batirin babur ko na sola mai volt 12 kai tsaye, walƙiya ɗaya zai gani ya ji ƙauri, shi ya sa masu gyaran rediyo ke sa rezista, ɗan abu mai zobban launi da ke rage kwararar wuta, wani lokaci haɗe da regileta irin 7805 mai ƙafa uku, wadda ke riƙe wutar a volt 5 komai cikar batirin. Daga baya matattun wayoyin hannu suka kawo batir mai volt 3.7 da ake iya sake cajinsa, wanda bai fi kwalin ashana faɗi ba, yana shiga ƙarƙashin kujerar direba ba tare da ya rinjayi motar gefe guda ba.