Sinadaran ruwan Tafkin Chadi

Sinadaran ruwan Tafkin Chadi su ne gishiri, kanwa, iskar oksijin da sauran abubuwan da suka narke a cikin ruwan tafkin, waɗanda yawansu ko ƙarancinsu ke tantance irin halittun da za su rayu a kowane ɓangare nasa. Tafkin yana tsakanin Najeriya, Nijar, Chadi da Kamaru. Kogin Shari ne ke kawo masa kusan kashi 90 cikin 100 na ruwansa daga kudu. Ruwan kogin Haɗeja na Jihar Jigawa kuma yana isa arewacinsa ta Komadugu Yobe.

Gishiri

Babu kogin da ke fita daga tafkin, amma duk da haka ruwansa ba ya da zartsi kamar na teku, wanda kowace litarsa ke ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri. Dalili kuwa, wani kaso na ruwan yana tsuma cikin ƙasa ya tafi da gishiri, wani gishirin yana kwantawa cikin laka, dodon koɗi kuma yana zuƙe kalsiyam don gina ɓawonsa. Sai dai yayin da ruwan ke gangarawa arewa rana tana shanye shi, gishirin yana ƙaruwa. Saboda haka kifayen dangin Mormyridae sun fi yawa a kudu, inda ruwan ya fi daɗi.

Oksijin

A 1963 faɗin tafkin ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000. Farin 1973 ya raba shi gida biyu, ciyayi suka mamaye inda ruwa ya janye. Da ruwa ya dawo ya rufe su sai suka ruɓe, ruɓewar ta cinye oksijin, kifaye suka mutu da yawa. Giwan ruwa da tsage, masu buƙatar buɗaɗɗen ruwa, suka ragu. Tarwaɗa da gaiwa, waɗanda ke iya shaƙar iska daga sama, suka yawaita tare da karfasa. Wannan sauyi ya bayyana har a cikin bandar da ake lodi daga Baga zuwa kasuwanni.

Tafkunan kanwa

A yankin Kanem, arewa maso gabas da tafkin, akwai ƙananan tafkuna da kanwa ta yi wa yawa har yawancin halittun ruwa ba sa jure musu. A nan ne wata ƙaramar halitta mai kama da gansakuka, spirulina, ke bunƙasa ba tare da abokin takara ba. Matan Kanembu suna tace ta, su shanya a kan rairayi ta zama dihe, a zuba a miya. Daga irin waɗannan kwaruruka ake haƙo ungurnu, kanwar da fatake suka daɗe suna kaiwa Kano da sauran ƙasar Hausa.