Tarihin Kaskon da Ba Ya Kamu: Abin da Ya Kamata Iyali Su Sani

Da wuya a yau a haɗa wa amarya kayan kicin ba tare da tukwanen nan masu baƙin rufi ba, waɗanda ake kira nonstik, wato marasa kamu. Kun san amfaninsu: ƙwai ba ya mannewa, mai kaɗan ya wadatar, wanki kuma babu wahala. Sai dai wannan rufi yana da tarihi mai tsawo, wanda ya haɗa sa'a da ilimi da kwaɗayin riba da rashin lafiyar dubban mutane. Sanin tarihin zai taimake ku wajen rarrabe tsoron da ke da tushe da wanda ba shi da shi.

Labarin ya faro ne ranar 6 ga Afrilu, 1938, a ɗakin binciken kamfanin DuPont da ke jihar New Jersey ta Amurka. Wani matashin masanin sinadarai mai suna Roy Plunkett yana neman sabuwar iskar sanyaya firji. Ya buɗe tulun gas, babu abin da ya fito, alhali nauyinsa na nuna ba fanko ba ne. Da aka yanka tulun, sai aka tarar iskar ta daskare ta zama farin gari mai santsi, wanda ba ya narkewa da wuri, kuma kusan babu sinadarin da ke cin sa. Wannan shi ne PTFE, wanda aka yi wa rajista da sunan Teflon a 1945. Aikinsa na farko mai muhimmanci ba na girki ba ne: an shafe bututu da shi a shirin ƙera bam ɗin nukiliya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Daga Faransa ya shigo kicin. A 1954 wani injiniya, Marc Grégoire, ya gano dabarar manna shi a jikin alminiyon, matarsa Colette kuma ta ba shi shawarar ya gwada a kaskon suyarta. A 1956 suka kafa kamfanin Tefal. Zuwa 1961 irin wannan kasko ya bazu a shagunan Amurka.

A nan ne kuke buƙatar lura sosai, domin sinadarai biyu ne a cikin labarin, kuma sau da yawa ana cakuɗa su. Na farko shi ne rufin kansa, PTFE. Na biyu shi ne PFOA, ko C8, wanda aka daɗe ana amfani da shi a masana'anta yayin haɗa rufin, tamkar sabulu mai hana dunƙulewa. A 1951 DuPont ya fara sayen sa daga kamfanin 3M domin masana'antarsa da ke kusa da garin Parkersburg na jihar West Virginia, a bakin kogin Ohio. Shi PFOA ba ya ruɓewa a ƙasa ko a ruwa, kuma idan ya shiga jinin mutum yakan ɗauki shekaru kafin rabinsa ya fita. Shekaru da dama ana zubar da shi a kogi, ana sakin sa a iska, ana binne dattinsa.

Kamfanonin sun ga alamu tun da wuri. Gwaji a kan dabbobi ya nuna yana kumbura hanta. A 1981 aka janye mata daga sashen da ke aiki da shi, bayan bincike ya nuna lahani a idanun 'ya'yan ɓeraye, aka kuma ga irin wannan lahani ga jariran wasu ma'aikata. A 1984 DuPont ya gano sinadarin a ruwan shan garuruwan da ke kewaye. Mazauna ba su ji labari ba.

Amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Wani makiyayi, Wilbur Tennant, ya ga shanunsa suna ramewa suna mutuwa, fiye da 100, bayan sun sha daga rafin da ya ratsa jujin kamfanin. A 1998 ya nemi lauya Robert Bilott, wanda ta hanyar kotu ya tilasta wa kamfanin fito da dubban takardunsa na sirri. Daga nan aka shigar da ƙara a madadin mutum kusan 70,000. Sasantawar 2004 ta kafa kwamitin masana uku, aka ɗebi jinin mutum kusan 69,000. Zuwa 2012 kwamitin ya bayyana cewa da alama mai ƙarfi PFOA na da alaƙa da cututtuka shida: sankarar ƙoda, sankarar 'ya'yan maraina, ciwon tayirod na maƙogwaro, gyambon babban hanji, hawan jinin masu juna biyu, da yawan kitse a jini.

Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ci tarar DuPont dala miliyan 16.5 a 2005 saboda ɓoye bayanai. A 2006 manyan kamfanoni takwas suka amince su daina amfani da PFOA zuwa 2015. A 2017 aka biya dala miliyan 671 ga masu ƙara sama da 3,500. A 2019 aka saka shi cikin jerin haramtattun sinadarai na Yarjejeniyar Stockholm, sannan a 2023 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da shi cikin abubuwan da ke haddasa sankara.

To, me wannan ke nufi ga tukunyar da ke kan murhunku? Mutanen Parkersburg ta ruwan sha da wurin aiki suka cutu, ba ta kasko ba, domin mafi yawan PFOA yana ƙonewa lokacin gasa rufin a masana'anta. Haɗarin kaskon kansa yana cikin zafi. Idan ya haura digiri 260 na ma'aunin Salsiyas rufin yakan fara lalacewa, zafin da ya ƙaru kuma ya fitar da hayaƙi mai jawo zazzaɓi da ciwon kai da nauyin ƙirji, har yana kashe tsuntsayen gida. Kasko fanko a kan wutar gas mai ƙarfi ko garwashi yakan kai wannan zafi cikin mintuna kaɗan. Don haka kada ku ɗora shi babu komai a ciki. Ku rage wuta, ku buɗe taga, musamman idan akwai mai asma ko jariri a gidan. Ku juya da cokalin katako, ku wanke da soso mai taushi, ku kuma rabu da wanda ya fara ɓarewa. Rubutun da ke cewa babu PFOA ba ya nufin babu danginsa, domin an maye gurbinsa da wasu makamantansa.

Kada kuma a guje wa wani haɗari a faɗa wanda ya fi shi. Binciken da aka wallafa a 2014 kan tukwanen da ake zubawa daga tarkacen alminiyon a Kamaru ya nuna suna sakin gubar dalma, wadda ke daƙushe ƙwaƙwalwar yara, kuma tsami da zafi suna ƙara fito da ita. Kada a bar miyar tumatir ko kunun tsamiya su kwana a irinsu. Domin suya mai zafi da dahuwa mai tsawo, ƙarfe marar tsatsa da baƙin ƙarfe da tukunyar ƙasa marar fenti sun fi kwanciyar hankali. Tandar waina da ta sha mai ta daɗe tana aikin da Teflon ya zo yi.

Idan kuna fama da ciwon ƙoda ko kuna da juna biyu, kada ku ɗora laifin a kan kasko ku bar asibiti. Ku nemi likita. Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya ƙara mana lafiya.