Ƙararrawar Mako: Tafiyar Rotary a Kano Tun 1961

Mutane da yawa kan yi mamaki idan suka ji cewa kulob ɗin Rotary na farko a Najeriya a Kano aka kafa shi, ba a Legas ba. A watan Afrilun 1961 ya karɓi takardar amincewa daga uwar ƙungiya, Legas ta biyo baya a watan Mayu, Ibadan kuma can wajen ƙarshen shekarar. Wanda ya san Kano ta wancan zamani ba zai ga abin mamaki ba. Gari ne na dalar gyaɗa da fata da ƙiraga, ga jirgin ƙasa, ga filin jirgin sama, ga kamfanonin Turawa da na Kwarori. Irin wannan gari na 'yan kasuwa da ma'aikata shi ne inda Rotary ta saba yin saiwa.

Asalinta ma haka yake. Ranar 23 ga Fabrairun 1905 wani lauya mai suna Paul Harris ya zauna da abokansa uku a birnin Shikago ta Amurka: mai sayar da kwal, da injiniyan haƙar ma'adinai, da tela. Abin da suke nema shi ne abokan hulɗa masu amana a babban birnin da ba wanda ya san wani. Suna karɓa-karɓar wurin zama, yau ofishin wannan, gobe na wancan, aka kuma kafa ƙa'idar ɗaukar mutum ɗaya daga kowace sana'a. Hidimar jama'a daga baya ta shigo, kuma aikinsu na farko a 1907 shi ne fafutukar gina ban-ɗakin jama'a a tsakiyar birnin. Nakan tuna wa sababbin shiga wannan, don kada su raina aikin gyara masai a makarantar firamare.

Abin da ya riƙe ƙungiyar duk tsawon shekarun nan shi ne zaman mako. A kulob ɗinmu da yamma muke haɗuwa, a ɗakin taron wani otal, an tsara lokacin yadda ba zai ci karo da sallar Magariba ba. Shugaba ya rataya sarƙarsa mai ɗauke da sunayen waɗanda suka riga shi, ya buga ƙararrawa, kowa ya miƙe. Sai a karanta tambayoyi huɗun nan da Herbert Taylor ya rubuta a 1932 lokacin da yake ƙoƙarin ceto wani kamfanin tukwane da ya kusa durƙushewa, Rotary kuma ta ɗauke su a 1943. Suna tambayar mutum ne game da abin da zai faɗa ko zai aikata: gaskiyarsa, da adalcinsa, da ko zai ƙara zumunci, da ko kowa zai amfana. Daga nan a gabatar da baƙi, sakatare ya karanta abin da aka tattauna makon jiya, ma'aji ya faɗi abin da ke asusu, shugabannin kwamitoci su ba da rahoto. Yawanci akwai baƙo mai jawabi: likitan yara, ko malamar makarantar kurame, ko wani mai sana'ar haƙa rijiyar burtsatse da zai bayyana mana dalilin da ya sa wata unguwa sai an nutsa sosai kafin a tarar da ruwa. Cikin awa ɗaya da rabi an gama, an ci abinci, an watse. Da azumi zaman yakan koma shan ruwa, Kiristocin cikinmu su zo a ci tare.

A da dokar halarta tana da tsanani. Wanda ya rasa zama huɗu a jere ba da uzuri ba yana iya rasa kujerarsa, wanda tafiya ta kama kuma sai ya nemi kulob a garin da ya sauka, ya halarta, ya kawo shaida. Dattawanmu suna da tarin ƙananan tutocin da suka yi musaya da kulob-kulob na Kaduna da Jos da Landan ta wannan hanya.

Akwai wani mutum da kowane zama sai an ji muryarsa, wato mai ladabtarwa. Shi ke yawo da kwano yana cin tara. Ka makara, tara. Ka manta ɗan bajen ƙungiya da ake maƙalawa a ƙirji, tara. Wayarka ta yi ƙara ana jawabi, tara. Wanda aka yi wa haihuwa ko ƙarin girma, ko ya aurar da 'ya, shi da kansa yake miƙewa ya sanar, ya zuba nasa a kwano don godiya. Ana yi ana raha, kuɗin kuma ba su taka kara sun karya ba. Amma da yayyafi kogi kan cika. Na ga irin kuɗin nan sun saya wa asibitin unguwa gidajen sauro, sun biya wa marayu kuɗin jarrabawa, ba tare da an roƙi kowa a waje ba.

Babban taron neman kuɗi shi ne bikin naɗa sabon shugaba, domin shekarar Rotary daga 1 ga Yuli take farawa, kuma shugaba shekara ɗaya tak yake yi. A nan ake gayyato masu hannu da shuni, a naɗa babban mai ƙaddamarwa, a bayyana ayyukan da za a yi, a yi alkawura. Duk ma'ajin da ya taɓa riƙe littafi ya san akwai rata tsakanin abin da aka faɗa a lasifika da abin da ya shiga banki, kuma bin sawun alkawari yakan ci watanni. A Amurka da Ingila kulob-kulob sun dogara sosai ga sayar da tikitin gwada sa'a. Mu nan mafi yawanmu ba mu yarda da shi ba saboda kamanninsa da caca, sai muka fi karkata ga gwanjo: wani ya kawo zanen hannu, wata ta kawo turmin atamfa, a yi ta tayi har ya ninka kuɗinsa, kowa ya san inda rarar za ta.

Sama da wannan akwai Gidauniyar Rotary. Arch Klumph ne ya kawo shawararta a babban taron 1917, gudummawar farko kuwa dala 26 da santi 50 ce daga kulob ɗin Kansas City. Bayan rasuwar Paul Harris a 1947 ne kuɗi suka fara kwarara don tunawa da shi, a 1957 kuma aka ƙirƙiro lambar yabo mai sunansa ga duk wanda ya ba da dala 1,000. Tsarin yana da kyau a fahimce shi. Abin da aka zuba a asusun shekara ana juya shi shekara uku, sannan kusan rabi ya dawo wa gundumar Rotary da ta bayar don ayyukanta. Babban tallafi kuma, wanda kasafinsa ke farawa daga dala 30,000, ba ya samuwa sai kulob ya sami abokin tarayya a wata ƙasa, ya kuma nuna wanda zai kula da aikin bayan an tafi. Wannan sharaɗi na ƙarshe da hujjarsa. Duk wanda ya zaga ƙauyukanmu ya ga famfunan tuƙa-tuƙa da ƙungiyoyi iri-iri suka kafa sun mutu, allon suna yana nan, ruwa babu. Yanzu ba ma haƙa rijiya sai mun zauna da mai unguwa an kafa kwamitin da zai riƙa tara ɗan abin gyara, an kuma koya wa wani matashi canza roba.

Ba zan ɓoye ba, Rotary ta daɗe tana fama da zargi a ƙasar Hausa. Wasu na ce mata ƙungiyar asiri, wasu na ce mata ta 'yan boko masu cin abinci a otal. Zargin farko ba mu kaɗai ya shafa ba, domin a 1951 fadar Fafaroma ta hana limaman Katolika shiga cikinta. Ni abin da na sani shi ne ba rantsuwa, ba ɓoye-ɓoye, ƙofar zamanmu a buɗe take ga baƙo. Zargi na biyu kuwa akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Jama'ar da ta gaji aikin gayya, take da 'yan agajin masallatai da ƙungiyoyin taimakon kai da kai masu yashe kwata kafin damina, ba ta jira wani ya koya mata taimako ba, kuma mun ɗauki lokaci kafin mu koyi shiga ta hannunsu.

Shan inna ne ya tilasta mana koyo. Rotary ta fara da yi wa yara miliyan 6 rigakafi a Filifin daga 1979, ta ƙaddamar da shirin PolioPlus a 1985. A 1988, lokacin da aka kafa ƙawancen duniya don kawar da cutar, tana nakasa yara kimanin 350,000 duk shekara a ƙasashe 125. Sai ga 2003. A shekarar ne Jonathan Majiyagbe, babban lauya ɗan kulob ɗin Kano, ya zama ɗan Afirka na farko da ya shugabanci Rotary ta duniya, kuma a shekarar ce gwamnatin Kano ta dakatar da rigakafin saboda jita-jitar cewa yana hana haihuwa. Mutane ba su manta da gwajin maganin sanƙarau na Trovan da aka yi a kan yaran Kano a 1996 ba, don haka tsoron yana da tushe, ko da yake maganin shan inna lafiyarsa ƙalau. Sai a watan Yulin 2004 aka dawo da aikin, da maganin da aka sayo daga Indunusiya. Kafin nan cutar ta riga ta tsallaka iyaka, ta kai Sudan, daga baya kuma ta kai Yaman har da Indunusiyar kanta.

Na bi ayarin masu rigakafi cikin lunguna. Matan da ke aikin su ke shiga gida da kular magani a hannu, su ɗiga wa yaro ɗigo biyu, su shafa masa tawada a ɗan ƙaramin yatsa, su yi alama da alli a bangon zaure. Mu maza a waje muke tsayawa, kuma a nan muke jin maganar da ta fi kowace nauyi. Wani dattijo ya ce da ni, "Malam, zazzaɓi na kashe mana yara, mu je asibiti a ce mu sayo magani. Wannan kuma kyauta har gida, wata bayan wata. Me ya sa?" Na ce, "Baba, gaskiyarka, zazzaɓin ma haƙƙinku ne a duba shi." Bai yarda ba sai da mai unguwa ya zo ya ɗauko nasa jikan aka ɗiga masa a gabansa. Irin wannan tambaya ce ta haifar da sansanonin lafiya inda ake duba zazzaɓi da gudawa, a ba da sabulu, sannan a yi rigakafin. Shigowar sarakuna ƙarƙashin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar daga 2009, da tsayuwar marigayi Sarkin Kano Ado Bayero, da muryar waɗanda cutar ta nakasa suna yawo a kan kekunan da suka ƙera da hannunsu, su suka buɗe ƙofofin da dalolinmu suka kasa buɗewa.

An biya da rai. A watan Fabrairun 2013 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan rigakafi tara a Kano, akasarinsu mata masu neman abin sawa a bakin salati. Allah ya jiƙansu. Abokan aikinsu suka ci gaba. A 2012 Najeriya ke da fiye da rabin masu cutar a duniya. A Yulin 2014 aka ga na ƙarshe a jihar Kano, a Sumaila, na ƙarshe a ƙasar kuma a Borno cikin 2016. Ranar 25 ga Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar, a shekarar kuma mujallar Time ta sa Dokta Tunji Funsho, shugaban kwamitin shan inna na Rotary a Najeriya, cikin mutane 100 mafiya tasiri a duniya. Har yanzu ana fita rigakafi, domin akwai wani nau'in da ke ɓulla inda yara da yawa ba su samu ɗigon ba. Shi ya sa duk 24 ga Oktoba muke tattaki da jajayen riguna muna tara kuɗi, kowace dala kuma Gidauniyar Gates tana ɗora biyu a kanta.

Ɗakin taron ya sauya. Mata ba su da izinin zama mambobi sai bayan hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1987 da gyaran doka na 1989, yau ga su suna shugabanci, kuma su suka fi mu sanin abin da ɗakin haihuwa ke buƙata. A 2016 aka sassauta doka, kulob na iya zama sau biyu a wata, korona kuma ta koya mana taro ta waya. Babbar damuwarmu yanzu kuɗin ƙungiya ce, domin kason uwar ƙungiya da dala ake lissafa shi, kuma tun faɗuwar naira a 2023 malamin makaranta ko ƙaramin ma'aikaci sai ya yi da gaske kafin ya biya. Wasu kulob-kulob sun bar otal sun koma harabar makaranta, sun maye gurbin liyafa da shayi, don kada tsadar abinci ta kori mutanen kirki. Mu ma shawarar na gaban kwamitinmu, tare da ta ɗauke wa matasan reshenmu na Rotaract da suka gama jami'a rabin kuɗin shekararsu ta farko.