Tarihin Gano Yadda Jiki ke Gane Ƙwayar Zazzaɓin Cizon Sauro

Tun kafin zuwan likitancin zamani, mazauna fadamar Kogin Haɗeja, inda ruwan damina ke malala ya kwanta a gonakin shinkafa har ya dangana da dausayin Nguru, sun lura cewa zazzaɓin da ke zuwa a ƙarshen damina ya fi kayar da ƙananan yara, alhali magidancin da ya kwana cikin sauron nan sau da yawa ba ya wuce ciwon kai da kasala. Masana sun shafe fiye da shekara ɗari suna bin diddigin wannan bambanci, kuma wani muhimmin ɓangare na hujjojinsu a ƙasar Jigawa aka tattara shi.

A shekarar 1890, Emil von Behring da Shibasaburo Kitasato suka nuna a Jamus cewa ruwan jinin dabbar da aka yi wa rigakafi yana iya kare wata dabbar, wanda ke nufin akwai wani abu mai kariya da ke yawo a cikin jini. Wannan abu shi ake kira antibodi, wato furotin da wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini ke ƙerawa, sannan alamar da yake kamawa a jikin ƙwayar cuta ita ce antijin. A 1957 Macfarlane Burnet ya bayyana cewa kowace ɗaya daga cikin waɗannan ƙwayoyin jini siffa guda kaɗai take ganewa, kuma idan ta gamu da antijin ɗin da ya dace da ita sai ta hayayyafa, wasu 'ya'yanta su shiga yaƙi, wasu kuma su zauna da tunin abokin gaba. Ba a jima ba, a 1961, aka ga aikin antibodi ƙarara a Gambiya, inda aka ɗura wa yara masu zazzaɓi antibodin da aka tace daga jinin manya, ƙwayoyin cutar kuwa suka ragu matuƙa.

Babban aikin da ya shafi wannan yanki shi ne binciken Garki, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka gudanar daga 1969 zuwa 1976 a ƙauyukan gundumar Garki, yamma da Haɗeja, lokacin tana cikin Jihar Kano. Kowane mako 10 ma'aikata kan bi ƙauyuka suna huda yatsa, su shafa ɗigon jini a kan gilashi domin ƙirga ƙwayoyin cutar, yayin da aka fesa wa ɗakunan wasu ƙauyuka maganin sauro, aka kuma raba wa jama'arsu magani. Abin da ya fito fili yana da nauyi ƙwarai: a inda cizon sauro mai cuta ya ragu, antibodin jinin mutane ma ya ragu, da aka dakatar da aikin kuma cutar ta dawo. Ashe garkuwar manya ba gado ba ce, tarawa ake yi damina bayan damina, kuma yara da yawa ba sa kai wa ga tara ta.

Dalilin wannan jinkiri ya bayyana a 1995, lokacin da aka gano cewa ƙwayar wannan zazzaɓi, mai suna Falsifarum, na da kusan nau'i 60 na antijin da take ɗorawa a bayan jan ƙwayar jinin da ta shiga, tana sauya su kamar ɓarawon da ke canza riga, ta yadda kafin jiki ya gane ɗaya ta koma wani. Allurar rigakafin da aka samar ta kauce wa wannan tarko, domin antijin ɗin da take koya wa jiki shi ne na fatar ƙwayar a lokacin da sauro ya zuba ta, kafin ta isa hanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da allurar RTS,S a 2021 da allurar R21 a 2023, Nijeriya kuma ta fara yi wa yara R21 a Disamban 2024 a jihohin Kebbi da Bayelsa. Kariyarta ba cikakkiya ba ce, saboda haka gidan sauro da maganin rigakafin damina har yanzu wajibi ne ga yaran fadama.