Maganin gargajiya na Sin a asibitocin ƙasashen Yamma

Maganin gargajiya na Sin tsarin jinya ne da ya ƙunshi tsirrai, tausa da soka siraran allurai a jiki. Ya soma samun gindin zama a Amurka bayan Yulin 1971, lokacin da ɗan jarida James Reston ya rubuta yadda aka yi masa jinyar allura a Beijin bayan tiyata. A Jamus, inshorar lafiya ta gwamnati na biyan kuɗin allurar tun 2007 ga masu tsohon ciwon baya da gwiwa. Shirin inshorar Medicare na Amurka ya bi sahu a Janairun 2020, kan ciwon baya kaɗai.

Karɓuwar ta tsaya ne kan abin da gwaji ya tabbatar. Masu suka na nuna cewa a gwaje-gwajen Jamus, allurar bogi ta kusa kamo ta gaske, kuma tsiron Aristolochia da ke cikin wani haɗin maganin Sin ya lalata ƙodar mata da dama a Beljiyam a farkon shekarun 1990. Hujjar tana da ƙarfi, amma ba ta rushe fannin duka ba: daga tazargaden Sin ne masaniya Tu Youyou ta fitar da artemisinin, ginshiƙin magungunan zazzaɓin cizon sauro da ake sha a Najeriya da Nijar, aikin da ya kai ta ga kyautar Nobel a 2015.