Lambar Jiki da Littafin Awoyi a Sana'ar Gyaran Tarakta

Tsofaffin kanikawan da suka koyi aiki a garejojin ma'aikatun gona na Arewa, waɗanda yawancinsu sun yi ritaya, ba abin da ke ɓata musu rai irin ganin matashi ya sayo tarakta ta hannu, ya kai ta aikin haro washegari, alhali bai san shekarar da aka ƙera ta ba, balle irin injin da ke cikinta. A zamanin shirin ciyar da ƙasa na 1976 da shirin bunƙasa noma na gwamnatin Shagari, lokacin da ake harhaɗa Steyr a Bauchi da Fiat a Kano, ga kuma Massey Ferguson ta cika sassan bayar da hayar tarakta na jihohi, yaron gareji ba ya taɓa sufana sai ya iya karanta lamba.

Lambobin biyu ne, kuma rikita su shi ne tushen yawancin asarar da ake yi wajen sayen kayan gyara. Ta farko tana kan ɗan farantin ƙarfe da kamfani ya kafa a jikin motar, ita ce ke nuna samfurinta da zubin da ta fito a ciki. Ta biyu kuwa a buge take a jikin ƙarfen injin, kuma a injinan Perkins na baya-baya haruffa biyu na farko suna faɗin irin injin, kamar LD da ke nufin 4.236 mai silinda huɗu, harafin U yana nuna ƙirar Ingila ce, harafin ƙarshe kuma yana nuna shekara. Jan fenti da rubutun gefen bonet ba hujja ba ne, domin dillali yana iya ɗora bonet ɗin Massey 375 a kan tsohuwar 165, kuma samfuri guda yana iya zama ƙirar Kobantiri ta Ingila ko ta kamfanin Millat na Pakistan, wanda ke ƙera Massey da izinin masu ita.

Abin da ya fi lambar muhimmanci, wanda kuma ya ɓace gaba ɗaya, shi ne littafin awoyi. Tarakta ba a auna tsufanta da kilomita, da awoyin aikin injin ake auna shi, saboda haka a wancan zamani kowace mota tana da littafinta, inda direba ke rubuta abin da agogon awa ya nuna, da gas ɗin da aka zuba, da ranar juyen baƙin mai, shugaban gareji kuma ya sa hannu. Waɗanda suka yi aiki a ayyukan raya karkara na Funtuwa, Gusau da Gombe, da aka kafa da tallafin Bankin Duniya a tsakiyar shekarun 1970, suna tuna irin ubangidan da ba ya buɗe littafin sai ya fara kwance kwanon matatar iska, wato ƙoƙon mai da ke ƙasanta yana kama ƙura kafin ta shiga injin, ya tsoma yatsa a ciki. In ya ɗebo laka, musamman da hunturu, direba ba zai ga makulli ba sai ya wanke kwanon ya sake mai, ya tsiyaye ruwan da ya kwanta a gindin matatar gas, ya bi kowace gaɓa da giris.

Da garejojin suka mutu aka yi gwanjon motocin, littattafan ba su bi su ba. Mai saye a yau yana samun agogon awa a tsaye, wayarsa ta tsinke tun da daɗewa, don haka dole ya ɗauka cewa ba a taɓa yi wa motar komai ba: ya juye man injin, ya sauya duk matatu, ya wanke lagireto, ya kuma duba man giya, wanda a tsofaffin Massey shi ne famfon ɗaga garma ke sha, kuma in ya yi fari kamar madara to ruwa ya shige shi. Daga nan sai ya gyara agogon, ya rubuta lambobin nan biyu a shafin farko na sabon littafi, ya soma ƙirga daga ranar.